Jan Mashin ɗin Malam Sada

Malam Sada mutumin Sandamu ne, manomi, idan rani ya yi kuma yakan taɓa sayen awaki ya kai kasuwa. Ba shi da wata dukiya da za a nuna shi da ita, amma duk unguwarsu an san shi da jan mashin ɗinsa. Na hannu ya saye shi a Daura, shekarar da aka yaye autarsa, ga shi yanzu autar tana ɗakin mijinta da goyo. Fentin tankin ya koɗe a inda gwiwoyinsa ke gogawa. Salansar kuwa ta taɓa tsagewa, wani mai walda ya liƙe ta yadda ya iya, tun daga nan mashin ɗin ya samu wata murya tasa shi kaɗai, yakan yi kamar tari sau biyu sannan ya ɗauki ruri.

Kullum da safe, kafin ya sha koko, sai ya fito da shi ƙofar gida ya goge shi tas. Matarsa Safiyatu takan ce, "Malam, da mashin na shan fura, na san da sai an fara dama masa kafin a ba mu." Shi dai murmushi yake yi, ya ci gaba da gugarsa.

Mashin ɗin ya kai shi gona, ya kai shi kasuwa da awaki ɗaure a baya, ya kai Safiyatu asibiti duk lokacin da ba ta da lafiya. Amma babban aikinsa na ranar Laraba ne. Duk Laraba, ko ana ruwa ko ana rana, Malam Sada yakan ɗaure 'yar leda a kan mashin, da goro da dabino da sabulu, ya kama hanyar Babban Mutum wajen yayarsa Haulatu.

Haulatu ce ta rene shi. Mahaifiyarsu ta rasu yana tatata, ita ta goya shi, ita ta koya masa cin tuwo da hannun dama. Da aka yi mata aure a Babban Mutum ma sai da ta tafi da shi, ya zauna hannunta har ya isa riƙe fartanya. Yanzu ta tsufa, mijinta ya daɗe da rasuwa, idanunta kuma sun tafi gaba ɗaya. Tana zaune ne tare da ɗanta Hafizu da matarsa Murjanatu. Ido ya tafi amma kunne yana nan. Tun mashin ɗin bai shigo lungunsu ba take ganewa, ko da mashina nawa suka wuce a ranar.

"Murjanatu, shimfiɗa tabarma," takan ce. "Ga Sada nan."

Sai ya zauna kusa da ita har bayan la'asar. Ta tambaye shi gona, ta tambaye shi yara ɗaya bayan ɗaya, ta laluba kafaɗarsa ta ce ya rame ko bai rame ba. A 'yan shekarun nan ta fara maimaita tambaya, wani lokaci ta kira Murjanatu da sunan wata ƙanwarsu da ta rasu tuntuni. Kowa ya ɗauka tsufa ne kawai.

Tsakiyar damina ce abin ya faru. Yana dawowa daga wajenta, ruwa ya kwaso yashi ya zube kan kwalta a wata kwana, tayar gaba ta zame, ya faɗi a kan kafaɗarsa. Mutanen da ke noma a bakin hanya suka ɗaga shi. Mashin ɗin madubi kawai ya fasa, amma shi ƙashin kafaɗarsa ya karye, gefen fuskarsa kuma ya goge.

Washegari ɗansa Musaddiq, wanda ke aiki a Kano, ya iso. Ya tarar an yi ɗori, mahaifinsa na jingine da bango, fuska a kumbure. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, don Allah ka ajiye mashin ɗin nan," ya ce. "Shekaru sun ja. Yau kafaɗa ce, ba mu san ta gobe ba."

"Yashi ne. Ko yaro ne a kai sai ya faɗi."

"Yaro zai tashi ya kaɗe riga. Kai dubi yadda kake. Duk inda za ka, ni na ɗauke maka kuɗin mota. Amma muddin yana cikin gidan nan, na san kana samun sauƙi za ka hau."

Malam Sada ya waiwaya wajen Safiyatu yana jiran ta sa baki. Tana zaune bakin ƙofa, idanunta sun yi ja, da alama ba ta yi barci ba. Ta dai share hawaye da bakin mayafi. Kafaɗar na yi masa zugi, ga shi ya gaji da magana.

"To," ya ce. "A sayar."

Ba a kwana da yawa ba wani dillalin mashina mai suna Sha'aban ya zo daga Daura. Malam Sada bai fito ba. Daga ɗaki ya ji an tayar da mashin ɗin, ya ji tarin nan nasa, ya ji ƙarar tana nisa har ta ɓace ta wajen titi. Da Musaddiq ya shigo masa da kuɗin, ya ce ya miƙa wa Safiyatu ta adana.

Ɗorin ya daɗe bai kama ba. Sai da gero ya fitar da kai sannan ya iya ɗaga hannu ya sa riga da kansa. Duk tsawon lokacin nan bai je Babban Mutum ba. Yakan kira wayar Hafizu a ba Haulatu, amma ita ba ta taɓa sabawa da waya ba, sai ta yi shiru tana juya ta a hannu, ko ta ce wa Hafizu ya kashe rediyon nan.

Larabar farko da ya ji ƙarfi ya tafi tasha. Ya zauna jiran mota ta cika har rana ta take, a hanya kuma aka yi ta tsayawa ana saukewa ana ɗauka. Sai bayan azahar ya isa. Ya taka daga bakin titi zuwa gidan da ledarsa a hannu, ya yi sallama.

Haulatu na zaune a zaure, ba a cikin gida ba inda ya saba samunta. Ta rame. Ta amsa sallamar yadda ake amsa wa baƙo.

"Sannu da zuwa. Maigidan ya fita."

"Yaya, ni ne."

"Kai wa?"

"Sada."

Ta karkata kai kamar mai sauraron wani abu a waje. Can ta ce, "A'a. Sada ba ya zuwa a ƙafa."

Ya yi dariya, yana zaton tsokana ce. Ya durƙusa gabanta, ya kama hannunta ya ɗora a kafaɗarsa yadda ta saba. Ta janye hannun a hankali, ta gyara lulluɓinta.

"Bawan Allah, zauna daga can. Murjanatu, kawo wa baƙo ruwa."

Murjanatu ta fito da kwanon ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ƙasa da murya.

"Kawu, ba mu so mu faɗa maka kana kwance ba. Tun da ka daina zuwa abin ya ƙaru. Da farko ranar Laraba kawai take cewa a fito da ita zaure. Yanzu kullum ne, don ba ta ƙara sanin ranaku. Duk mashin ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai, sai kuma ta ce ba shi ba ne. Ni ma wani lokaci ba ta gane ni. Jiya cewa ta yi in je in taro Sada daga bakin rijiya kada ya faɗa."

Malam Sada ya zauna har la'asar. Ya ba ta labarin gidansu na da, da itacen tsamiyar da ke bayansa, da sunan mahaifinsu da na jakinsa. Tana ta gyaɗa kai tana cewa, "Ashe ka san mutanenmu." Da zai tafi ya ajiye mata goro a hannu, ta yi godiya, ta sa masa albarka kamar yadda za ta sa wa kowa.

Ya shiga mota ya koma Sandamu. Da ya isa gida Safiyatu ta kawo tuwo, ya ci loma kaɗan ya wanke hannu.

"Ba ta gane ni ba," ya ce. "Mashin ɗin take jira."

Larabar da ta biyo baya ya ari mashin ɗin maƙwabcinsa, sabo, mai laushin murya. Safiyatu ta tsaya a ƙofa tana kallonsa, ba ta hana shi ba. Ya je har ƙofar zauren ya tsaya bai kashe ba, ya ma ƙara masa wuta. Haulatu ta ɗaga kai, ta saurara, ta mayar da kanta ƙasa.

Shi da Hafizu suka ɗauki shatar mota suka kai ta asibiti a Daura. Likitan ya yi mata tambayoyi, ya duba ta, sannan ya fito da su waje. Ya ce ciwon mantuwa ne da ke zuwa wa wasu da tsufa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Ya ce masu irin wannan ciwo sukan riƙe abu ɗaya da suka saba da shi, in abin ya yanke sai su ƙara rikicewa. Malam Sada ya tambaya ko da a ce bai daina zuwa ba da abin bai kai haka ba. Likitan ya ce Allah kaɗai ya sani, ciwon dai da ma yana tafe.

Daga asibitin ya sa Hafizu ya wuce da ita gida, shi kuma ya nemi rumfar Sha'aban. Ya same shi zaune cikin mashina yana cin gyaɗa.

"Malam, ai wannan bai kwana biyu a hannuna ba. Wani mutumin Kongolam ne ya ɗauka, Sadiq sunansa, yana dakon kaya zuwa tsallaken iyaka. In ka je ranar kasuwar Mai'aduwa ba za ka rasa shi a bakin iyaka ba. Amma ga wasu nan sun fi shi lafiya, ka duba mana."

"Shi nake nema."

Ranar Lahadi da sassafe ya karɓi kuɗin nan a hannun Safiyatu, yadda aka kawo su ba a taɓa ba, ya tafi Kongolam. Wurin cike yake da mashina, kowanne an labta masa buhuna har direban ba ya ganuwa ta baya. Ya yi ta tambaya, wannan ya tura shi wajen wancan, har aka nuna masa wani magidanci mai faɗin kafaɗa yana kwance igiya daga kan wani baƙin mashin.

Sai da ya matso sosai ya gane shi, ta wata 'yar lotsawa a gefen tanki, inda wani bunsuru ya taɓa tunkura. An shafe jan fentin da baƙi. An cire rabin kujerar an yi waldar ƙaton kariya na ƙarfe don ɗaukar kaya. Salansar sabuwa ce fil, tana ƙyalli.

Suka gaisa. Malam Sada ya faɗi ko shi wane ne, ya ɗora hannu a kan tankin, yana da ɗumi.

"Ina tsohuwar salansar?"

"Wannan mai tarin?" Sadiq ya ce. "Ai ranar da na saya na cire ta, Baba. Aikinmu ba ya son mashin mai tara wa mutum jama'a. 'Yan gwangwan na ba, sun daɗe da wucewa da ita. Injin ma sai da na sa aka sauke aka yi masa aiki."

"Tayar min in ji."

Sadiq ya buga sau ɗaya, mashin ɗin ya tashi. Ƙara ce sumul, irin ta kowane mashin da ke wurin. Malam Sada ya tsaya yana saurare har Sadiq ya kashe ya dube shi.

"Lafiya dai, Baba?"

Bai yi niyyar faɗa ba, amma sai ya ji bakinsa ya buɗe. Ya ba shi labarin Haulatu tun daga farko, a tsaye a nan cikin hayaniyar masu lodi. Sadiq ya saurara yana naɗe igiyarsa a gwiwar hannu. Da ya gama, Sadiq ya ninke wani buhu ya shimfiɗa a kan kariyar.

"Hau mu je. Wataƙila kunnenta ya ji abin da namu bai ji ba."

"Kasuwarka fa?"

"Akwai wata Lahadin."

Haka Malam Sada ya hau bayan mashin ɗinsa, ƙarfe na cin cinyarsa ta cikin buhu, suka yi doguwar tafiyar nan har Babban Mutum. A hanya yana jin yadda Sadiq ke sa giya da ƙarfi, ya so ya ce masa ta biyun tana son lallashi, sai ya tuna ba nasa ba ne.

Suka shiga lungun a hankali. Haulatu na zaure, Murjanatu na ba ta kunu da ludayi. Sadiq ya tsaya daidai ƙofa ya bar injin yana aiki. Malam Sada na kallon fuskarta. Ta dakata da shan kunun, ta juyo da kunnenta, ta daɗe a haka. Sannan ta buɗe baki Murjanatu ta ci gaba da ba ta.

Sadiq ya kashe mashin ɗin. Ya ce in Baba na so zai sayar masa yadda ya saya, ya nemi wani. Malam Sada ya girgiza kai.

"Riƙe abinka. Kana ci da iyali da shi. Ni abin da nake nema ba ya jikinsa kuma."

Ya yi ƙoƙarin ba shi kuɗin mai, Sadiq ya ƙi karɓa. Ya sha ruwa, ya gaishe da tsohuwar, ya juya.

Da labari ya kai wa Musaddiq sai ya kira waya.

"Baba, ni na jawo wannan. Ka yafe min. Zan sayo maka wani, irinsa sak, a nemi mai walda ya..."

"Ba kai ba ne. Tsoro ka ji, kuma da gaskiyarka. Ni ne na san abin da mashin ɗin yake yi, da bakina kuma na ce a sayar. Da na ce a kulle shi a ɗaki har in warke, da ba wanda zai ƙi."

"Likita ai ya ce ciwon da ma yana tafe."

"Ya ce. Na ji shi."

Bai daina zuwa ba. Duk Laraba yana tasha tun da hantsi. Ya daina cewa shi ne Sada, don ya lura duk lokacin da ya faɗa sai ranta ya ɓaci, ta ƙi cin abinci. Ya zama baƙon nan mai kawo goro. Ta saba da shi a haka, har takan tambayi Murjanatu ko baƙon ya zo. Idan ya zauna, labarin ƙanenta take ba shi. Ta ce yaro ne mai tsoron jaki, in ya ji kukansa sai ya ruga ya shige zanenta. Ta ce ranar da aka kawo ta garin nan a bayanta ya yi barci, mutane suna ta dariya wai amarya ta zo da goyo. Akwai abubuwan da shi kansa bai taɓa sani ba sai a lokacin, kamar yadda ta sayar da 'yan kunnenta ta saya masa maganin ƙyanda. Yana zaune yana ji, wani lokaci ya ce, "Allah sarki."

Wata Laraba bayan an gama girbi, ya tarar ba a fito da ita zaure ba, tana kwance a ɗaki. Numfashinta ya yi nauyi. Ya zauna bakin gadon, a wannan karon da ya kama hannunta ba ta janye ba.

"Bawan Allah, kai ma daga Sandamu kake, ko?"

"Daga can nake."

"In ka ga Sada, ka ce masa ban yi fushi ba. Na san hidima ce ta yi masa yawa. Amma ya daure ya zo, ko sau ɗaya."

Malam Sada ya sunkuyar da kai. Murjanatu da ke tsaye bakin ƙofa ta juya ta fita.

"Zan faɗa masa," ya ce. "Zai zo."

"Yaron kirki ne," ta ce. Ta ƙara riƙe hannunsa, barci ya ɗauke ta.

Bai koma gida ba ranar. Ya kwana a zaure, washegari ma ya wuni. Ranar Juma'a da hantsi ta cika, yana gefenta yana maimaita mata kalmar shahada. Shi ya shiga kabarin tare da Hafizu suka karɓe ta, duk da kafaɗarsa ba ta son nauyi.

Bayan an share makoki Musaddiq ya zo da sabon mashin a bayan a-kori-kura, bai yi shawara da kowa ba. Malam Sada ya zagaya shi, ya yaba, ya sa masa albarka. Sannan ya ce a kai wa Hafizu, shi ke da yara 'yan makaranta da gona mai nisa, kuma shi da matarsa sun yi wahala da tsohuwa ba su taɓa ƙorafi ba. Musaddiq ya buɗe baki zai yi magana, Safiyatu ta girgiza masa kai.

Tun daga nan Malam Sada ya bar harkar awaki. Gonarsa ta kusa da gari yake nomawa, a ƙafa yake zuwa, ta nesan kuma ya ba surukinsa aro. Mutane sun ce ya tsufa da wuri a shekarar nan. Bai cika fita daga Sandamu ba yanzu, sai in rasuwa aka yi ko suna.